Likita ya ce a cire mini mahaifa, na kasa yanke shawara

Ɗan Kabi:

Assalamu alaikum. Sunan da na sa a nan ba nawa ba ne, ku yi mini uzuri.

Shekarata 26, a wani ƙauye kusa da Argungu aka haife ni. Sunan mace aka raɗa mini, don ungozoma ta duba ta ce mace ce, ko da yake Inna ta ce tun ranar ta ga abin da bai kwanta mata ba. Na tashi da zane da ɗankwali, har tallar ƙuliƙuli na yi. Ina shekara sha huɗu murya ta buɗe, gashi ya fara fito mini a haɓa, ƙirji kuma ya ɗan tasa, duk a lokaci guda. Ni dai a raina ban taɓa jin ni mace ba ce. Da na kai sha bakwai Kawu ya ɗauko ni Birnin Kebbi, ya kai ni wurin wanzami, ya ba ni riga da hula da sunan kakanmu. Tun daga nan namiji nake. Ina aiki a injin casar shinkafa, ina saɓar buhu kamar kowa.

Abin da ke cin raina, duk wata sai marata ta murɗe kwana uku, jini ya biyo fitsari. Abokan aiki sun ɗauka tsargiya ce, har magani suke kawo mini.

Bana na tara kuɗi na je Sakkwato, aka yi hoton ciki da gwajin jini. Likita ya ce akwai 'yar ƙaramar mahaifa, da ma'ajiyar ƙwai irin ta mata a hagu, a dama kuma, a matsematsi, akwai wadda ta gauraya, wani sashe na maza wani na mata. Ya ce za a iya cire mahaifar da duk sashen mata a bar na maza. Sai ya ƙara da maganar da ta hana ni barci: gwajin ƙwayar halitta ya nuna XX, wato irin wanda aka saba gani a mata, don haka da wuya in iya yi wa mace ciki. Hanyar samun ɗa na jinina tana jikin abin da za a cire.

Inna kuka take, ta ce kada in taɓa halittar Allah. Kawu ya ce a cire kowa ya huta. Ni ko a mafarki ban ga kaina da ciki ba, amma da na ji kalmar "har abada" sai jikina ya yi sanyi. An ce in koma bayan Sallah. Me zan yi?

Nas Gusau:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe a ɗakin tiyata, don haka bari in raba maka maganar gida biyu, domin likitoci kan haɗa su a baki ɗaya alhali ba abu ɗaya ba ne.

Mahaifa ita ke zubar da jinin nan. In an cire ta jini ya tsaya, ba ta da wani sinadari da jiki zai rasa. Ma'ajiyar ƙwai kuwa ita ke samar da sinadarin da ke riƙe ƙashi. In an cire ta, kuma sashen mazan da aka bari bai bayar da isasshen testosteron, wato sinadarin maza, ba, to ka shiga allura ke nan iyakar rayuwarka. Wanda ya rasa sinadarin mata da na maza duka biyun, jiki kan riƙa ɗaukar zafi haka kawai, ga kasala, ƙashi yana zaizayewa a hankali ba a sani ba sai ranar da ya karye. Ga mai ɗaukar buhu wannan ba ƙaramar magana ba ce. A masu irin halittarka sashen mazan yakan raunana da shekaru, don haka ka ce a auna maka testosteron yanzu, kafin wuƙa. Sannan ka shiga kemis-kemis na Birnin Kebbi da ƙafarka ka tambayi allurar: ana samunta kullum? Nawa ce? Wata ana yinta duk sati biyu zuwa uku, kuma mai yinta sai an riƙa duba masa PCV, wato awon kaurin jini, don tana kaurara jini.

In jinin ne ke kora ka, ka sani ana iya tsayar da shi ba tare da aiki ba. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ɗauke shi ga mata da yawa, testosteron ma yakan tsayar da shi cikin watanni. Ka tambayi likitanka ko ɗayansu zai dace da kai, ka samu shekara guda kana tunani ba ciwo a mara.

In ka yarda a yi, aikin buɗe ciki kwanciyar 'yan kwanaki ce a asibiti, sannan aƙalla sati shida ba ɗaukar kaya. Ka tanadi abincin watannin, da wanda zai ba ka jini, da wanda zai yi jinyarka ya riƙe sirri.

Almajirin Gwandu:

Ɗana, ka gaya wa mahaifiyarka cewa malamai sun san irinka tun da daɗewa, ba sabon abu ba ne. A fiƙihu ana kiransa khunsa, mu mu ce mata-maza. Mukhtasar na Shehu Khalil da muke karantawa a zaure da hukuncinsa aka rufe shi: a dubi mafitar fitsari, da gemu, da nono, da haila, da maniyyi, in alama ta rinjaya to babu rikitarwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 1989 ta haramta canja jinsi ga wanda halittarsa ta cika, amma ta halatta magani da tiyata ga wanda alamu suka haɗu masa, a bi wadda ta fi rinjaye.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba. Kai kana da gemu kana da jini, kuma akwai malaman da in sun ji mahaifa da XX za su ce ɓangaren mata ne ya rinjaya. Wannan ya shafi aurenka da gadonka da sahun da za ka tsaya. Kada ka karɓi fatawa a nan. Ka ɗauki takardar likita ka je wurin malami masani mai amana, kai da Kawunka, kafin aikin. Bayan an cire, alamar da za a duba ta tafi.

Baƙon Ingila:

Ɗan'uwa, ni ɗan Zamfara ne, kuma nawa ba irin naka ba ne. Likitoci ba su ga wani gauraye a jikina ba, da jikin mace aka haife ni, a raina ne nake jin ni namiji ne tun ina yaro. Na san abin da Malam ya faɗa a kaina yake, ban zo jayayya ba. Na zo ne don na kwanta a gadon da kake tsoro.

Sai da ƙwararru biyu suka zauna da ni daban-daban kafin a yarda. Aka yi mini da na'urar da ke shiga ta ƙananan huji a ciki, washegari na koma gida. Na ce a cire mahaifa da bututunta, a bar mini ma'ajiyar ƙwai, saboda tunanin ranar da zan dawo gida allura ta gagare ni. An ba ni damar a daskarar da ƙwaina a ajiye, na ƙi. Ban yi nadamar aikin ba, ciwon da na sha shekaru ya tafi. Amma ranar da ƙanwata ta turo mini hoton jaririnta da hancin Babanmu, na zauna na yi kuka sosai, kuma ba wanda ya gaya mini haka za ta faru. Ka tambayi likita ko a wurinka ma za a iya cire mahaifa kaɗai, da abin da hakan zai yi wa ƙirjinka.

Ɗan Kabi:

Na gode ƙwarai. Anti Nas, wallahi ban san ana iya tsayar da jinin ba sai an yanka. Yau da na tashi aiki na shiga kemis uku, biyu ba su da allurar, na ukun ya ce sai ya aika Kano. Allah gafarta Malam, Kawu ya ce akwai wani dattijo da ya karantar da shi, za mu je ranar Juma'a bayan la'asar. Ɗan'uwana na Ingila, maganar hancin nan na karanta ta sau uku.

Na kira Inna na ce wannan karon da ita za mu Sakkwato, ta ji da kunnenta ta yi nata tambayoyin. Ta yi shiru, can ta ce in aiko mata da kuɗin mota.