Wane suna za mu ba allon nan da ake tuƙawa a tsaye?

Ɗan Obalende:
Salam jama'a, masu Hausa a baki ku taimaka. Asabar ɗin da ta wuce na shiga tserena na farko na abin nan da ake kira SUP, wato stand-up paddleboard a Turance, a rafin Five Cowrie wanda ya raba Ikoyi da Victoria Island a Legas, kuma ina son in jawo yaranmu na Obalende da Idi-Araba cikin harkar amma abin ba shi da suna a bakinmu. Allo ne dogo, na tsere ƙafa 14 ne ko 12 da rabi, faɗinsa kamar kamu ɗaya da rabi, ba rami ba wurin zama, tsayawa kake a kai kana tuƙi da sanda mai baki ɗaya wadda ta fi ka tsawo da kamar taƙi guda. Daga Hawai ta Amurka ya fito, masu hawa igiyar ruwa irin su Laird Hamilton suka yaɗa shi bayan shekarar 2000. Wurin juyawa a alamar da aka sa a ruwa sai ka ja ƙafa baya ka danne gindin allon hancinsa ya ɗaga sannan ka karkato, ga jirage masu inji suna wucewa suna turo maka igiyar ruwa, yatsun ƙafa duk sun sandare saboda damƙe allo. To me za mu ce masa?

Mai Shayi Agege:
Ai kwalekwalen tsaye kawai, an gama.

Ɗan Obalende:
Na yi tunanin haka Malam, amma kwalekwale shigarsa ake yi, wannan kuma hawansa ake yi. Kuma ka leƙa Makoko, unguwar masunta a kan ruwa, daga gadar Third Mainland, ai a tsaye suke tura kwalekwalensu, ka ga sunan zai haɗe da nasu.

Sarkin Samari:
Sulun ruwa fa? Ko dai a bar shi fadulbod, kamar yadda muka karɓi mota da bokiti.

Bakabe a Mile 12:
A'a ƙanena, sulu na masu Tarkwa Bay ne, su igiyar ruwa ce ke ɗaukarsu ta kawo gaɓa, wannan kuwa ƙarfin damtsenka ne ke tafiyar da kai. Fadulbod kuma tsoho a Argungu ba zai gane komai a ciki ba wallahi. Ni a bakin kogin Matan Fada na Argungu na tashi, kuma mu can komai da sunansa, wadda ake dogarawa a ƙasan ruwa ana tura jirgi gwangwala ce, wadda ake jan ruwa da ita kuma filafili, to tunda taku ba ta taɓa ƙasa filafili ce, dogon filafili in kuna so, kada ku ƙara ce mata sanda. Wasan kuma ku ce tuƙin tsaye, duk Basarke, wato masuncinmu na can, da ya ji zai gane.

Malama Idi-Araba:
Tuƙin tsaye ya zauna daram. Abin da bai kwanta min ba shi ne allo. Yaro Bahaushe in ya ji allo, na makaranta yake fara tunawa wanda ake rubuta Alƙur'ani, kai kuma za ka ce masa ya taka allo da ƙafa? Iyaye ba za su ji daɗin kalmar ba tun kafin su ga abin. Ku ce falanki.

Sarkin Samari:
Amma Hajiya ai ba katako ba ne, wasu ma hura su ake da famfo a naɗe a saka a jaka. Kuma muna cewa allon sanarwa, allon waya.

Malama Idi-Araba:
Su ai ba a taka su ɗana. Falanki kuma siffa muke nufi, abu dogo shimfiɗaɗɗe da ake takawa, magina kullum a kansa suke tsaye.

Ɗan Obalende:
Hujjar Hajiya ta fi ƙarfi gaskiya, don iyayen nan su za mu roƙa su bar mana yaran. To wasan tuƙin tsaye, abin hawan falankin tuƙi, abin tuƙin filafili, gasar kuma tseren tuƙin tsaye. Saura igiyar da ake ɗaurawa a ƙafa don kada falankin ya gudu ya bar ka in ka faɗa ruwa, na ji wani ya ce dabaibayi.

Bakabe a Mile 12:
Dabaibayi hana tafiya yake. Wannan talala ce, doguwar igiya mai barin ka ka motsa amma ba ka rabu da turke ba. Sai dai ka gaya wa yaran, a kogi mai gudu ba a ɗaura talala a ƙafa, in ta sarƙe da reshe ko ƙarfen gada ruwa zai danne mutum hannunsa bai kai ƙafar ba, a ƙugu ake ɗaurawa da maɓallin da ake fizgewa nan take. Kuma kowa ya sa rigar ruwa mai hana nitsewa ko da ya iya iyo.