Ina kan kimo, kuma ina son tara kuɗi don a gyara yadda ake kula da mu. Ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai na fito. Shekara biyu ke nan da aka gano ina da sankarar mama, bara kuma aka ce ta taɓa ƙashin baya. Duk bayan mako uku ake yi mini kimo, wato ƙarin ruwan maganin ciwon daji. Kuɗin maganina akwai masu ɗauke mini, alhamdu lillahi, ba shi ya kawo ni ba.

Ranar da aka gaya mini ciwon ya bazu, a tsaye aka gaya mini, a bakin ƙofa, mutane na wucewa. Ban ga laifin likitan sosai ba, layin da ke jiransa har baranda. Amma na fito na rasa inda zan zauna in yi kuka, sai banɗaki na shiga na kulle. Makon jiya kuma wata baiwar Allah da ke kujerar kusa da ni ta riƙo hannuna, ga kanula a nata hannun, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko zubewar gashi alamar mutuwa ce. Zagaye na uku take, ba wanda ya taɓa zama ya yi mata bayani.

Ina so in tara kuɗi don a riƙa kula da irinmu da tausayi. Maigidana ya ce in bari sai na warke, ni kuwa na san irin nawa lallaɓa shi ake yi. Ina tsoron a ce kaina nake tara wa, kuma ban san iyakar abin da zan faɗa na ciwona ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya sa kaffara ne. Na daɗe a sashen masu ciwon daji, kuma abin da kika ce na banɗaki ya taɓa ni, domin ni ma can nake tsintar marasa lafiyata.

Kada ki fita ki ce kina tara kuɗin tausayi. Kowa zai ce Allah sarki, ba wanda zai san me zai saya da abin da ya bayar. Ki sa masa suna. Ɗaki ɗaya mai ƙofa da kujeru uku inda za a riƙa gaya wa mutum sakamakonsa a zaune. Ko alawus na nas guda da aikinta kawai ta zauna da sabon majinyaci kafin ƙarin ruwan farko, ta gaya masa gashi zai zube kuma zai dawo, amai akwai maganinsa. Ɗaya za ki zaɓa, ba duka ba.

Kuma abin da ya same ki ya samu wata a birnin Edinbura na Birtaniya a 1993, Maggie Keswick Jencks. Aka gaya mata sankarar mamanta ta dawo, aka bar ta da mijinta a wata baranda marar taga. Sauran kwanakinta ta ƙarar da su tana tsara wurin da majinyaci zai shiga ya zauna a saurare shi. Ta rasu a 1995, aka buɗe cibiyar farko da sunanta a 1996, nas ɗin da ta yi jinyarta tana cikin waɗanda suka riƙe aikin. Shi ya sa nake cewa kafin ki nemi komai, ki sami shugabar nas-nas ta sashenku ki tambaye ta abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wataƙila ta ce miki maganin raɗaɗi ne ke yankewa. In haka ne, ni shi zan sa a gaba, domin wanda ƙashinsa ke sara ba ya jin lallashi. Ruwan mofin na sha, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, ba shi da tsada, da shi Dakta Anne Merriman ta fara aiki a Yuganda a 1993. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 56.8 ke buƙatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi duk shekara, kashi 14 cikin ɗari kaɗai ke samu.

Wani ma'aikacin banki:
Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar zargi maganinta ɗaya: kada kuɗin ya taɓa shiga asusunki, ko na kwana ɗaya. Ki nemi ƙungiya mai rajista da ke aiki da asibitin, ko a buɗe asusu na musamman mai masu sa hannu uku, ba a cire komai sai biyu sun sa. Ki sami takardar amincewar hukumar asibitin tun farko. Duk ƙarshen wata a fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita, da rasit. Sannan ki yi haƙuri da wannan: a rubuta tun yanzu wanda zai ci gaba in jiki ya hana ki, da inda ragowar kuɗi za su tafi in aikin ya tsaya.

Wata dattijuwa:
'Yata, ni ina bayan mijinki. Na yi jinyar nawa wata goma sha huɗu. Abin da yaranmu ke tunawa yanzu shi ne yammacin da yake da ƙarfin zama da su. Ƙarfinki ƙidayayye ne, in kin ba taro da waya, me zai rage wa gida? Ban ce ki fasa ba. Amma mutumin nan tsoro ne ya sa ya ce sai kin warke. Ki zauna da shi tukuna.

Wata da ta gama kimo:
Mama ta faɗi gaskiya, sai dai ni zaman jiran ranar allura ya fi gajiyar da ni a kan kowane aiki. Yaya, ki bi kalandar kimonki. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa sojojin jini ke yin ƙasa sosai, a kwanakin nan ba taro, ba cunkoso, kuma in zafin jiki ya kai digiri 38 asibiti za ki nufa ko da tsakar dare ne. Mako na uku shi ne naki, a nan za ki yi waya da rubutu. Na ciwonki kuwa, labarin bakin ƙofar nan ya isa. Ba sai kin nuna hoton tiyata ko sakamakon gwaji ba, kuma kada a ɗauki hoton kowa a ɗakin kimo. Matar da ta riƙe hannunki ma sai da izininta za ki ba da labarinta a waje.

Wani ɗalibin likitanci:
Anti, kada ki bari a ce miki wannan kayan ado ne, magani ya fi. A 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka kan mutum 151 masu sankarar huhu da ta bazu. Waɗanda aka haɗa musu da kulawar sauƙaƙa raɗaɗi tun farko sun fi samun natsuwa, kuma tsaka-tsakin rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran 8.9. Ki riƙe wannan in za ki ga shugabannin asibiti. Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi. Dakta Kate Granger a Ingila, tana jinyar nata ciwon dajin, ta lura ma'aikata ba sa gaya mata sunansu, sai ta fara kira a 2013 cewa kowa ya gabatar da kansa kafin ya taɓa majinyaci. Mu ma an koya mana, muna mantawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama, jiya da dare na karanta wa maigidan amsarki, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce shi zai riƙe wayar da takardun, ni in yi magana kawai. Ɗakin nake so a raina, amma zan fara jin ta bakin shugabar nas-nas ranar Talata in na je gwajin jini. Akwai wani ɗan sito kusa da ɗakin kimo da na ga an tara karyayyun kujeru a ciki, zan tambaye ta ko na waye. Malam na banki, zan biyo ka ta akwatin saƙo kan maganar masu sa hannu.