Masu rufa ido da karta, wace kwali ce ke jure muku a Yamai?

Ɗan Bukoki:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni wasan rufa ido nike da karta a fada da wurin buki, ba caca ba. Matsalata kartar butik ta belot mai 32 ba ta buɗewa kamar mafici, sati guda ta manne, gefe ya yi baƙi. Ku da kuka daɗe a harkar me kuke riƙewa, kuma yaya take yi da zafinmu da ƙura?

Alhajin Yantala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bicycle ta Amurka, mai zanen baya da ake kira Rider Back, ja ko shuɗi, ita ce hannuna ya sani. Tun 1885 ake buga ta, kamfanin USPCC, da can a Cincinnati yanzu a Kentucky. Ka shafa ta da yatsa za ka ji wasu 'yan ƙananan ramuka a jikin takardar, su ke riƙe iska tsakanin karta da karta shi ya sa take sulɓi. Takarda biyu ce anka haɗa da baƙin gam a tsakiya, ko ka ɗaga ta ga fitila ba a hango lambar ta baya. Amma fa takarda ce, gumi na kashe ta, a bazara in ka yi wasa da jiƙaƙƙen hannu ramukan nan sai su cike da dauɗa sulɓin ya tahi ke nan. Ni sai na wanke hannu na shanya kafin in buɗe kwali, kuma ba na ba kowa ya taɓa yana cin tsire.

Mai Dabon Tawa:
Alhaji gaskiya ka faɗa. Mu nan Tawa hunturu ne abokin gaba, iska ta bushe sai kwalin duka ya lanƙwashe ya riƙa ƙas ƙas in ka danna, damana ta zo kuma ta kumbura ta yi laushi. Na koma ta roba, Copag ta Barazil, wannan kam ko shayi ya zube ka goge ka ci gaba, ga masu belot babu kamarta, amma ga aikinmu a'a, tana zillewa da yawa, in ka ɗauki biyu kana nuna su kamar ɗaya sai su rabu a gaban jama'a, kuma saƙa rabi cikin rabi ɗin nan da ake kira faro ba ya shiga da daɗi. Alhali da takarda mai kyan yanka, faro 8 cif, in ta sama na zama a sama kowane karo, yana maido da karta 52 yadda ta faro.

Hajiyar Harobanda:
Ni tarawa nike, ɗan uwana ke aiko min daga Faransa. Masu ruwan zinari da zane kala kala suna da kyau wallahi, amma ranar da na yi wasa da ɗaya gaban ƙawayena kowa cewa take ai kartar ce ke da asiri. Mutane sun fi yarda da wadda sunka saba gani. Irin kartar gidan cacar Jerry's Nugget ta 1970 da masu tarawa ke rububi, ajiya ce, wanda ya samu ba ya ma ɓare ledar.

Alhajin Yantala:
Hajiya ta taɓo wuri. Ka lura da farin gefe ma ƙanena. Kartar da ake kira Bee ba ta da shi, zanen ya kai har baki, in ka juya karta ɗaya a tsakiya sai layinta ya fito fili. Masu baƙin baya kuwa gefensu na saurin tsagewa ya nuna fari.

Ɗan Bukoki:
Na gode ƙwarai. To mai girman kartar wasan poka mai faɗin milimita 63 zan nema ko siririya mai 57? hannuna ƙarami ne.

Mai Dabon Tawa:
Nemi 63, hannu zai saba. Ka sayi kwali biyu, ɗaya na koyo ɗaya na fita, kuma kada ka bar ta cikin aljihun baya ko ƙarƙashin sirdin moto.