Tsohon bututun ƙarfen zubi ya lotsa yana yoyo: gyara ko sauyawa?

Abu Sadik:
Assalamu alaikum. Bututun da ke kwashe ruwan banɗaki a gidanmu na ƙarfen zubi ne mai faɗin inci 4, kuma ɓangaren da ke kwance a ƙarƙashin daben bene ya lotsa, har wata mahaɗa ta fara yoyo. Shin zan iya ɗaga shi in mayar da shi daidai, ko kuwa sai an yanke an sa na roba?

Mai Aikin Famfo:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, a tokare bututun da katako a inda yake, kada a yi ƙoƙarin ɗaga shi lokaci guda. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, ga shi da nauyi, domin kowace mita ta irin wannan bututu ta haura kilo 10. Tsofaffin mahaɗai kuwa da igiya mai kwalta ake cusa su, sannan a zuba narkakkiyar dalma a kai, don haka da zarar bututu ya lotsa sai dalmar ta saki, ruwa ya sami hanya. Idan za a ɗaga, a yi shi kaɗan-kaɗan, ana sa maɗaurin ƙarfe kusa da kowace mahaɗa, kuma tazarar maɗaurai kada ta wuce mita 1.5. A bar masa gangara ta kimanin santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba ƙazanta za ta riƙa kwanciya a ciki.

Injiniya B.:
Na yarda da wannan, sai dai ina ganin ya kamata a fara tabbatar da lafiyar ƙarfen. Irin wannan bututu daga ciki yake ruɓewa: ruwa na cin ƙasansa, iskar ƙazanta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma na rikiɗa ta zama asid ta ci samansa, shi ya sa sau da yawa ake samun doguwar tsaga a samansa, inda ido ba ya kaiwa. A ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙaramar guduma. Inda ya yi ƙara sarai akwai sauran ƙarfe, inda ya yi dum tsatsa ta cinye shi. Wurin da ya kai haka, liƙi ba zai riƙe shi ba sai na ɗan lokaci.

Abu Sadik:
Na gode, Injiniya. Idan har sai an yanke, me zan fi kula da shi?

Mai Aikin Famfo:
Bututun da ke tsaye, wanda na kwancen ke haɗe da shi. A ɗaure shi da maɗauri mai zama a kan dabe a saman wurin yankan, domin nauyinsa duka na iya zamowa ƙasa. A yanka da garanda ko zarto, saboda na'urar yankan bututu mai matse shi da sarƙa na iya farfasa tsohon ƙarfe. Wajen haɗa shi da na roba, a nemi mahaɗar roba mai rigar ƙarfe, wadda ke hana bakunan biyu goce wa juna, sannan a sa maɗauri a kowane gefenta.