Rufa-asiri, makuba da kaki: neman sunan abin da muke shafa wa fentin mota

1/
Masu fenti, masu wankin mota, dillalai da duk mai son ganin motarsa tana sheƙi, ku matso. Gwangwanaye huɗu ne a but ɗin motata, kowanne da aikinsa, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce folish ne. A jikinsu an rubuta polish, glaze, sealant da wax. Ukun ƙarshe nake nema wa sunan Hausa, kuma ba don burgewa ba. Rashin sunan nan ya taɓa cin kuɗina.

2/
Shekara biyu ke nan na sayi wata baƙar mota 'yar Kwatano. Ranar da na ɗauko ta, kana iya gyara hularka a jikin ƙofa. Wanki uku aka yi mata da garin sabulu, sai ga zane-zane sirara sun fito a bonet, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo, musamman in rana ta take. Na ɗora wa yaron da ke wankin laifi, har na yi masa faɗa. Allah Ya yafe mini.

Da na kai ta wurin wani dattijo mai fenti a unguwarmu, bai ce komai ba. Ya ɗiga sifirit a farin ƙyalle, ya nemi gefen ƙofar baya inda sheƙin bai tafi ba, ya shafa wuri kamar faɗin tafin hannu. Ya ce in haska da fitilar wayata. Wurin da ya shafa ya yi dishi-dishi, zane birjik, kewayensa kuwa sumul. Ya ce, "Alhaji, yaronka bai yi maka komai ba. Da ma suna nan. Ba a goge su ba, cike su aka yi."

Na ce, "Baba, me ake kiran abin da aka cike su da shi?" Ya ce folish. "Wanda ake gogewa da shi fa?" Ya yi dariya ya ce shi ma folish.

3/
Kafin mu raɗa suna, mu san jikin jaririn. Fentin motar zamani hawa uku ne: furaima a ƙasa, launi a tsakiya, sai kiliya a sama, wato fatar nan marar launi da ke ba da ƙyalli. Duka ukun, yadda suke fitowa daga kamfani, kaurinsu yakan kai maikiron 100 zuwa 150 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Kiliya ita kaɗai wajen 40 zuwa 50 ce, kusan rabin kaurin takardar da ake buga wasiƙa a kai. Yawancin zanen da muke gani a cikinta yake, kuma babban mai jawo shi a nan shi ne busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu da sassafe.

Hanya biyu ce ta ɓatar da zane. Ko dai a kankare kiliyar da ke kewaye da shi har wuri ya daidaita, ko a cusa wani abu cikin ramin. Ta farko ita ce aikin folish na gaskiya, mai ɗan yashi-yashi a ciki. Wannan na bar masa sunansa, ya zauna a bakin mutane, ba mai tayar da shi. A dai tuna kiliya ba ta tsirowa. Abin da injin gogewa ya ci ya ciwu.

4/
Gilez, wato glaze, shi ne na hanya ta biyu, mai cusawa. Mai ne da ɗan abin cikawa, wani lokaci farar ƙasa mai laushi ƙwarai. Yana kwanciya cikin zane, haske ya daina watsewa, ido ya ga santsi. Ba ya kankarewa, ba ya kare fenti daga komai, wanki kaɗan ya tafi.

Wanda ya buɗe ƙamus zai faɗa rami a nan. A wurin masu tukwane, kalmar tana nufin ruwan gilashin da ake gasawa a jikin tangaran, wanda ba ya fita har kwanon ya fashe. Shi ya sa, da muka zauna da 'yan'uwa neman sunayen, wani ɗan'uwa ya ba ni shawarar "ruwan tangaran". Sunan da daɗi, amma ƙarya zai yi wa mai saye, don a cikin huɗun nan babu mai saurin gushewa kamar wannan.

An kawo "ciko". Ma'anar ta yi daidai, sai dai fanel bita ya riga mu. In ka ce an yi wa mota ciko, kowa zai ɗauka ta yi hatsari an lafta mata bodi fila. Wata 'yar'uwa ta ce "hoda", tunda aikinsu ɗaya da ta fuska: a rufe tabo da safe, ruwa ya wanke da yamma. Na so wannan ƙwarai. Matsalarsa ɗaya, abin ruwa-ruwa ne kamar madara, in ka aiki yaro ya sayo hodar mota zai dawo maka da gari.

Ni da bakina na fara cewa "rufa-ido", saboda haushin abin da ya same ni. Baba mai fenti ne ya hana. Ya ce sabon fenti yakan ɗauki wata guda, wani har uku, yana fitar da sauran sinadarin da aka dama shi da shi, kuma a wannan tsakani ba a so a toshe shi da komai. To me za ka shafa wa motar da za a miƙa wa mai ita gobe? Gilez, don shi ba ya toshewa. Haka tsohuwar motar da kiliyarta ta sirance, inji zai huda ta, gara a lallaɓa ta da shi. Ashe abin ba na mayaudara kaɗai ba ne.

Sai muka tsaya a kan rufa-asiri. Bahaushe ya san rufin asiri alheri ne, ya kuma san abin da aka rufe yana nan bai je ko'ina ba. Mai saye na iya tambayar dillali kai tsaye, "Gogewa aka yi ko rufa-asiri?" ba tare da ya kira shi ɓarawo ba.

5/
Waks bai ba mu wahala ba, muna da kaki tun kaka da kakanni. A rubuce ne kawai yake rikici, don kakin soja da kakin majina duk haka ake rubuta su. Sai a riƙa cewa kakin mota, in ya so direbobin gwamnati su yi haƙuri.

Amma ba na zuma ba ne. Mafi shahara sunansa karnuba, daga ganyen wani itace mai kama da giginya da ke arewa maso gabashin Barazil, a jihohi irin su Piyawi da Siyara. Itacen ne ke lulluɓe ganyensa da shi don kada rani ya tsotse masa ruwa. A sare ganyen, a shanya, a kakkaɓe garin, a narka. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, karnuba sai ya kai 82 zuwa 86. Wanda ya taɓa dafa bonet ɗin baƙar mota da azahar a watan Afrilu ya san dalilin da ya sa wannan bambanci ba wasa ba ne. Tsantsarsa tauri gare shi kamar dutse, dole a sassauta shi da mai da sinadarai kafin ya shafu, don haka duk gwangwanin da ka gani gauraye ne.

Sheƙinsa mai zurfi ne, kamar mota ta jiƙe, ruwa kuma ya riƙa dunƙulewa a kai yana gangarewa. Ƙarko ne babu. Wata ɗaya zuwa uku ake ba shi, a ranarmu kuwa ka ɗauki na ƙasa.

6/
Silan, wato sealant, shi ne ya kai mu dare. Shi haɗin masana'anta ne, ba daga itace ko ƙudan zuma ba. Kama fenti yake yi ya manne, ya bushe ya zama fata siririya mai tare ruwa da rana da datti, yakan yi wata huɗu zuwa shida. Aka ce "liƙi", na ce na mai faci ne. Aka ce "toshiya", aka fashe da dariya, kowa ya san inda wannan kalma ta fi aiki. "Garkuwa" ta yi faɗi da yawa, kaki ma ai garkuwa ne.

Wani malami da ya tashi a gidan ƙasa a cikin birni ne ya ce, me ya hana makuba? Na yi shiru.

Ga waɗanda suka tashi a gidan bulo: makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta. A jiƙa shi, ruwan ya yi ja-ja ya yi duhu, a shafe bango ko a yayyafa wa daɓe. Ta shiga jikin ƙasar ta kama, ta ƙara mata ƙarfi, ruwan sama ya zo ya zame. Ba don ado ake yinta ba, ko da yake takan ba bango wani duhu mai kyau. Ba ta dawwama, sai an sabunta. Ba a yinta a kan bango mai maiƙo ko mai ƙura, kuma sai an bar ta ta sha iska. Ku jera waɗannan kusa da bayanin da ke bayan gwangwanin silan ku ga ko akwai inda suka saɓa.

Wani ya ce ai an yi baibai: makuba daga itace take, silan na masana'anta ne, karnuba ne ɗan itace. Gaskiya ne, amma mai wankin mota ba asalin abu yake tambaya ba, aikinsa yake son sani. Kuma ko Turawan ba su tsare sunayensu ba. Kamfanin Meguiar's na Amurka, wanda ya fara da man goge kayan katako a 1901, yana da jerin kaya da ya kira Mirror Glaze, kuma cikin jerin akwai folish, akwai silan, akwai kaki. Gwangwanaye da yawa a kasuwa an rubuta waks a jiki alhali silan ne a ciki. In masu harshen sun cakuɗa, ba dole mu gaji cakuɗar ba.

7/
Abin da ya sa na nace wa makuba shi ne sunan da kansa yana koyar da jeri. Wanke, goge in da buƙata, makuba, sannan kaki. Makuba jikin fenti take so tsirara. In ka riga ka shafa kaki, a kan maiƙo za ta zauna, ba za ta kama ba, wanki biyu ta bi ruwa da kuɗinka. Kaki kuwa ba ruwansa, yana hawa kan makuba lafiya lau, in dai an bar ta ta kwana, awa 12 zuwa 24, ba ruwa ba raɓa.

A kula da kakin da aka rubuta yana wankewa yana shafawa lokaci ɗaya. Wannan zai cinye makubar da ke ƙasa.

Rufa-asiri fa, ina gurbinsa? Nan masu sana'ar kansu ba su daidaita ba. Mai maiƙo sosai yana hana makuba kamawa, don haka kaki ake ɗora masa kai tsaye ya riƙe shi 'yan makonni. Akwai kuma wanda aka haɗa musamman don ya shiga ƙarƙashin makuba, wannan sai an karanta gwangwani. Ni dai a motata na zaɓi ɗaya: in zan yi makuba, na haƙura da rufa-asiri.

Masu shafa kaki hawa biyar kuma, Allah Ya ba da lada. Na biyu yana cike inda hannu ya tsallake. Daga nan sinadarin sabon shafi narkar da na ƙasa yake yi, kauri ba ya ƙaruwa yadda ake zato, gwangwani ne kawai ke ƙarewa.

8/
Tunda mun shiga gidan magina, sai na ƙara ɗaya kyauta. Shafin nan na siramik da ake yayi yanzu, mai sinadarin silika, wanda ke yin shekaru, laso ne. Laso shi ne simintinmu na da, daga katsin marina da gashin jima da dafara, da shi ake shafe rufin soro da cikin karofi, kuma ya fi makuba daɗewa nesa ba kusa ba. Wanda ya san fifikon laso a kan makuba ba sai an yi masa dogon bayanin farashi ba.

9/
Na koma wurin Baba da sunayen a rubuce. Rufa-asiri ya karɓa nan take, har ya kira yaransa ya maimaita musu. Kaki ya ce da ma shi ne. A kan makuba ya ɗan yamutsa fuska, ya ce, "Alhaji, yaran nan ba su taɓa ganin ɗorawa a bishiya ba, sai kalwa a miya." Ya tambayi ƙaramin cikinsu ko ya san makuba. Yaron ya ce kakarsa tana yi a ƙauye kafin damina. Baba ya ce to, a bar ta ta kwana biyu a gareji a gani.

10/
Saura biyu ban samu ba. Aikin gaba ɗaya, wanda ake bin mota lungu-lungu ciki da waje, na fi karkata ga ƙalƙale, don kwalliya za ta ja hankali zuwa sitika da fitilu, gyaran jiki kuma na fanel bita ne ko na amare. Sai ruwan feshin nan da ake fesawa bayan wanki don ƙara sheƙi na kwana biyu, wanda ba kaki ba ne sosai, ba makuba ba. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, me masu wankin mota ke ce masa a wajenku?