Muhawara: iyayen Cradle Bay sun yi laifi ko ba su yi ba?

Baban Ikram: Assalamu alaikum 'yan zaure. Fim ɗin da aka ce mu kalla wannan makon, Disturbing Behavior na 1998, na gama shi, kuma zan faɗi abin da na san ba zai yi wa samarinmu daɗi ba: iyayen nan ba su yi laifin komai ba. Ga wanda bai kalla ba, wani gari ne Cradle Bay a tsibiri a jihar Washington, akwai likitan ƙwaƙwalwa mai suna Caldicott da ya kawo shiri a sakandaren garin, duk yaron da ya gagari iyayensa sai su sa hannu a takarda a miƙa shi, a dasa masa wata 'yar na'ura ta ido, ya dawo tsaf-tsaf yana cin jarabawa yana gaida manya, su ne 'yan Blue Ribbons. To ku faɗa min, uban da ɗansa ke shan wiwi aka ce masa ga hanyar gyara, me kuke so ya yi? Likitan ne mai laifi tunda shi ya ɓoye musu abin da yake yi.

Abba Mai Fim: Haba Baban Ikram, tsaf-tsaf fa ka ce? Tun a farkon fim ɗin ɗaya daga cikinsu ya karya wuyan yarinya a mota sannan ya harbe ɗan sanda. Na'urar ce ke da matsala, da zarar sha'awa ta motsa wa yaro sai kansa ya juye ya hau duka, ka manta wanda ya yi wa mutane jina-jina a cikin kanti? Wannan ne gyaran?

Baban Ikram: Abba ai maganata ka ƙara wa ƙarfi. Iyayen sun san da wannan? Ba su sani ba. Ɗan sandan garin ma rufa-rufa yake yi.

Malama Hauwa: Yaya, ba su sani ba ko ba su so su sani ba? Ni nan ne muka rabu da kai. Ɗanka ya fita da yamma yana Gavin, yaron nan na fim ɗin mai surutu mai tsiya mai abokansa, washegari ya dawo da aski da riga mai guga ya daina kula abokan, har da shi ake dukan abokinsa Steve, sabon yaron da suka ƙauro garin, kuma ba ka tambayi me aka yi masa cikin dare ɗaya ba? Saboda abin da kake so ka gani ka gani, shi ke nan ka rufe ido. Ni ina koyarwa a sakandare, wlh na san irin iyayen nan, ba sa zuwa taron iyaye da malamai, ba su san sunan abokin ɗansu ko ɗaya ba, amma ranar da abu ya lalace su ne na farko wajen cewa Malama a yi masa duk abin da za a yi ni dai ya gyaru. Wannan “duk abin da za a yi” ɗin shi ne takardar da aka sa wa hannu a fim ɗin.

Ummi Damagaram: Anti Hauwa gaskiya ne. Kuma ku duba gidan su Steve mana, yayansa ya kashe kansa a Chicago, maimakon a zauna a yi magana sai aka kwashe kaya aka bar gari, a gidan ma ba a son a ambaci sunan mamacin. Yaro na cikin baƙin ciki, su kuma suna ganin taurin kai ne, ƙarshe shi ma suka sa masa hannu. Ciwon daban maganin daban.

Baban Ikram: Ummi 'yata, ba ki haihu ba tukuna shi ya sa. Uban da ya binne ɗa ɗaya, tsoron rasa na biyu zai sa shi yin abin da ba ya tsammani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ummi Damagaram: Baba tanƙwarawa aka ce ai, ba a ce a sare shi a dasa wani a ramin ba.

Sadiq Dakta: Ku bari in sa baki ta ɓangaren likitanci, don masu cewa ai fim ne kawai. Na'urar da za ta mayar da yaro ɗan kirki cikin dare ɗaya babu ita, wannan kam tatsuniya ce. Amma sa hannun uba ya faru da gaske. A 1941 Joseph Kennedy, mahaifin shugaban Amurka John Kennedy, ya amince aka yi wa 'yarsa Rosemary tiyatar lobotomi tana da shekara 23, saboda tana da saurin fushi tana ficewa da dare yana tsoron ta jawo wa gidan abin kunya. Likitoci Walter Freeman da James Watts ne suka yi aikin, suka yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, ta tashi ba ta iya magana sosai ba ta iya tafiya daidai, haka ta ƙare rayuwarta ana kula da ita har ta rasu a 2005. Kuma kar ku ɗauka wasu 'yan bayan fage ne, wanda ya ƙirƙiro irin tiyatar, Egas Moniz ɗan Fotugal, kyautar Nobel aka ba shi a 1949. To Baban Ikram shi ma wannan uban bai yi laifi ba kenan tunda likita ne ya ce masa za ta gyaru?

Baban Ikram: Subhanallah. Wannan kam abin tausayi ne. Amma Dakta kai ma ka faɗa da bakinka, har Nobel aka bayar. Idan manyan masana na duniya sun yarda da abu, wane ne uba da zai ce a'a? Ni idan ka rubuta min magani ba na tambayarka me ke ciki.

Sadiq Dakta: Magani don ciwo ne Alhaji. Tambayar ita ce ciwon wa ake yi wa magani, na yaron ko kunyar uban a idon maƙwabta.

Abba Mai Fim: Ni fa ina ganin duk kun ɗora wa fim ɗin kayan da ba zai iya ɗauka ba. Minti 84 ne kacal, kuma kamfanin MGM ne ya yi masa gunduwa-gunduwa bayan gwajin nunawa, abin da darakta David Nutter ya haɗa ya kusa awa biyu, har ƙarshen ma an canza, a na asali Gavin mutuwa yake yi a jirgin ruwa, a wanda aka saki kuma sai ga shi ya zama malami a wata makarantar da na'urar a idonsa. Shi ya sa iyayen suka zama kamar hoto a bango, ba a ba su lokacin da za mu ji me ke ransu ba, don haka Baban Ikram zai iya cewa ba su sani ba Malama ta ce sun sani kuma babu mai hujjar da za ta kashe bakin ɗaya. Shekarun ne na finafinan tsoro na 'yan sakandare, aka ɗauko James Marsden da Katie Holmes don samari su cika silima, ba wai an zauna yin darasin tarbiyya ba ne.

Malama Hauwa: Abba ko a yankakken akwai hujja. Gavin ya laɓe ya ji da kunnensa a taron iyaye ana amincewa a sa shi cikin shirin, da iyayensa a wurin, ba wanda ya kira shi ya tambaye shi. Kuma shi Caldicott 'yarsa ta cikinsa tana asibitin mahaukata na Bishop Flats, gwajin ya lalata ta. Shi ma uba ne fa, kuma shi ya sani sarai.

Nura Kaduna: Ina ta karantawa ban yi magana ba. Baban Ikram, ba sai mun je Amurka ba. Satumbar 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa da tabon duka, bayan nan aka samu irinsa a Daura. Mafi yawansu 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali, har kuɗi suke biya. Ba na'ura a ido, amma takardar ɗaya ce. Kuma abin da ya fi ba ni haushi lokacin, akwai iyayen da suka fito suna kare wurin.

Baban Ikram: Nura wannan na tuna shi, kuma ban goyi bayan mari ba, Allah ya kiyaye. Amma ka tambayi kanka me ya sa suka kai su? Ina asibitin da talaka zai kai ɗansa mai shan ƙwaya? Kuna zagin iyaye ba ku kawo musu wata ƙofa ba. Mutum ya sayar da kayan ɗakin uwarsa ya sha sirop, ku ce a zauna a yi hira da shi.

Ummi Damagaram: To amma Baba Gavin bai sayar da kayan kowa ba, Steve ma haka. Laifinsu ba su yi kama da sauran ba. Wurin da Gavin ke nuna wa Steve teburan cin abinci, 'yan mota can, 'yan kwamfuta can, 'yan sululu can, kowa da garkensa, tun kafin likita ya zo an riga an raba yaran gida-gida. Shi dai ya zo ya ce garke ɗaya ne mai kyau.

Sadiq Dakta: Wannan ma an gwada. Gwajin masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch a 1951, layuka kawai ake nuna wa mutum a ce wanne ya yi daidai da wanne a tsawo, amsar a fili take, amma idan sauran 'yan ɗakin suka haɗa baki suka faɗi ƙarya, kusan uku cikin huɗu sun bi su aƙalla sau ɗaya. Manya ne fa 'yan jami'a, ba wanda ya taɓa musu ido. Ina ga iyayen ma haka ne, maƙwabci ya sa hannu ɗansa ya zama na ɗaya a aji, kai ma ka sa.

Baban Ikram: Yauwa Dakta, ka ga kenan su ma an ja su ne. Wanda aka ja ba shi da laifi.

Malama Hauwa: Yaya idan wannan hujja ce, to yaron da abokai suka ja ya sha wiwi shi ma ba shi da laifi, me ya sa za a kai shi wurin Caldicott?

Baban Ikram: Hauwa ke dai ba a cin ki a magana. Ban janye ba fa, likitan ne babban mai laifi, iyayen ko da sakaci ne ba mugunta ba. Zan dawo bayan isha'i.

Abba Mai Fim: Duk wannan surutun ba wanda ya ambaci mai sharar makarantar, Newberry, da ya yi ta nuna kamar ba shi da hankali alhali shi kaɗai ya gano na'urar korar ɓerayensa ce ke haukatar da 'yan Blue Ribbons. Shi ne jarumin fim ɗin a wurina, wanda bai yarda ba ya zo mu buɗe sabon babi.