Tumatir ya yi araha a Gadarif ta Sudan, yaya zan busar da shi ya kai ni ƙarshen damina?

Amarya, Gadarif

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Sanyi ya kankama, tumatir ya cika kasuwa, da yamma har masu shi neman kai suke yi da shi. Na san da zarar ruwa ya sauka zai gagari talaka. Bara na shanya sanduƙi biyu a kan kwanon ɗaki, rabi ya yi baƙi, sauran na ɗaure a leda, Yuli na kamawa ya yi funfuna. Wuta ba ta zama, saboda haka maganar firij babu ita. Mu takwas ne a gida. A ina na kuskure, kuma nawa ya kamata in saya? In akwai dabarar albasa ma ina so.

Hajiya Inna, Kassala

Wa alaikumus salam 'yata. Kwanon ɗakin nan da ledar nan su suka cuce ki.

Tumatir yana da tsami, tsamin kuma yana cin kwano. Ga zafin ƙarfen da rana tsaka, sai ya ƙone bayan yankan alhali cikinsa da ruwa. Baƙin da kika gani ke nan. Ki fitar da angarib, wato gadon igiya, tsakar gida, ki shimfiɗa sabuwar tabarmar kaba a kai, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Ki ɗaura gidan sauro a sama yadda ba zai taɓa tumatirin ba, saboda ƙuda da ƙura.

Wajen saye, kada araha ta ja ki ga wanda ya yi laushi ko ya fashe. Wannan na miyar yau ne. Na shanya shi ne ja sosai, mai tauri, mai tsoka, irin dogon nan mai ƙarancin ruwa. Ki wanke, ki bari ya tsane tsaf kafin wuƙa ta taɓa shi. Ki yanka zagaye-zagaye, kauri kamar rabin ɗan yatsa, duk iri ɗaya, domin mai kauri guda cikin sirara shi ne zai ɓoye ruwa ya lalata miki kwalba. Ki jera kada wani ya hau wani. Yankan ya zama da sassafe, ya samu ranar yini guda cur, don ranar farko ita ce mai haɗari: in bai yi fata-fata kafin dare ba, zai fara tsami.

Da magariba ki shigar da shi ɗaki, tabarmar da komai. Raɓar asuba tana mayar da aikin yini baya. Ranar biyu ki juya. A Janairu da Fabrairu kwana 5 zuwa 6 ya isa. Alamar bushewa ita ce ki lanƙwasa ya karye ƙaras. In ya lanƙwasu kamar fata, da saura. Akwai gwajin da ba ya ƙarya: ki zuba tafi guda a busasshiyar kwalba, ki rufe, ki ajiye a rana awa biyu. Kika ga gumi a jikin kwalbar, ki mayar da duka shanya.

Lissafi kuwa, tumatir kusan duk ruwa ne. Kilo 10 ɗanye ba zai ba ki fiye da giram 600 zuwa 700 na kauɗa ba, kada ranki ya ɓaci idan kika ga ya koma ɗan mitsitsi. Gida mai mutum takwas da ke cin rabin kilo a rana, wata huɗu na tsada kilo 60 ke nan, wato kauɗa kilo 4. Kada ki sayo shi rana ɗaya. Angarib guda ba ya ɗaukar fiye da kilo 7 ko 8 in an jera yadda ya kamata, sai ki riƙa yi kashi-kashi har sanyi ya wuce. Ki gama kafin iskar habub mai ƙura ta fara, yashin da ya shiga kauɗa ba ya fita.

Mai kayan miya, kasuwar Gadarif

Hajiya ta gama magana kan shanya. Ni kan ajiya zan ƙara, ƙanwata, don a nan kayan mutane suka fi lalacewa. Gadarif ba Kassala ba ce, ruwanmu ya fi yawa, daga Yuli zuwa Satumba ɗaki kansa laima yake yi. Busasshen tumatir kuwa jan danshi yake kamar gishiri.

Kada ki daka shi duka. Garinsa, wanda ake kira garin salsa, ya fi saurin shan laima, yana dunƙulewa ya yi duhu. Ki ajiye shi a yankansa, ki riƙa daka na sati biyu kawai. Kwalba mai murfin murɗawa ta fi, kuma ƙanana da yawa sun fi babba guda, domin duk buɗewa iska ce take shiga. Kada ki zuba shi da zafin rana a jikinsa, ya huce tukuna. A ɗora a sama, nesa da zir, wato randar ruwa, da bangon da ke jiƙa. Duk ranar da gari ya washe a damina, ki zazzage a faifai ya sha rana awa biyu ko uku.

Wasu na barbaɗa gishiri lokacin yanka. Ni ban goyi baya ba ga mai ajiyar wata shida a garin nan. Yana saurin fitar da ruwa, gaskiya ne, amma shi ne kuma zai jawo laima daga baya. Sannan kada ki bi masu nutsa shi cikin mai da tafarnuwa a ajiye a ɗaki. Ba tare da sanyi ba, wannan na iya zama guba ko da bai yi wari ba. Wanda ya yi funfuna kuma a zubar, kankarewa ba ta tsarkake shi.

Hajiya Inna, Kassala

Malam, kan gishiri ba mu rabu da nisa ba. Ƙaramin cokali guda a kilo, in rana ta yi rauni ko ƙuda ya yi yawa, ba ya cutarwa matuƙar kwalbar na rufuwa da kyau. Fiye da haka kam na yarda da kai.

Yaya Babba, Mai Wurno

Ƙanwata, albasa ki ɗan jira sabuwa ta sauko da yawa wajen Maris, lokacin ta fi araha. Ja ta fi fara daɗewa. Ki ɓare, ki yanka siri-siri, ki warware zoben, kwana 3 zuwa 4 ta bushe. Kilo 10 zai ba ki kilo guda da ɗan ɗori. Kada ki soya duka kamar yadda wasu ke yi, man yana tsufa ya yi wari. Ki soya na sati ɗaya, a wuta kaɗan, kina tsaye a kai, don busasshiyar albasa cikin minti biyu take ƙonewa, ƙonanniya kuma ɗaci take sa wa miya. Ta yi ruwan zuma ki kwashe, ta huce, ki daka. Lawashin ma ba na zubarwa ba ne: a kirɓa, a dunƙula, a shanya, ya zama gabu irin na iyayenmu.

Tunda sanyi ne ki haɗa da sharmut, wato busasshen nama. Cinyar sa mara kitse, a zare ta dogo-dogo kaurin yatsa, gishiri da kuzbara (kayan ƙamshi ne), a rataye a igiya inda iska ke kaɗawa, cikin gidan sauro. Kwana 4 zuwa 5. Kitsen da aka bari shi ne ke fara lalacewa. Kilo guda yana komawa kashi ɗaya cikin uku, amma cokali 4 na dakakkensa ya ishi tukunyar mutum takwas.

Ga yadda ake miyar tagaliya da waɗannan kayan: mai rabin ludayi, garin salsa cokali 3 da aka jiƙa a ruwan ɗumi minti 15, a soya shi sai man ya taso ja, in ba haka ba za ki ji gafin busasshen tumatir. A zuba albasar cokali 3, sharmut cokali 4, ruwa lita ɗaya da rabi, tafarnuwa da kuzbara, ya dahu minti 20. Sai a rage wuta a riƙa barbaɗa weka, wato garin busasshiyar kuɓewa, cokali 2 zuwa 3 ana burgawa da maburgi. Kika zuba ta gaba ɗaya, gudaji za ta yi.

Amarya, Gadarif

Allah ya saka da alheri, iyayena. Inna, in hadari ko ƙura ta taso ranar biyu, tumatirin bai yi nisa ba, yaya zan yi?

Hajiya Inna, Kassala

Kada ki tattara shi wuri guda, tarawa ce ke ruɓar da shi cikin dare ɗaya. Ki ɗauki angarib ɗin yadda yake ki kai rumfa ko ɗaki mai taga biyu a buɗe, ki juya safe da yamma. In an kwana biyu ba rana, ki shinshina. Wanda ya fara yauƙi ko tsami ki tsince ki zubar, sauran ki markaɗa ki dafa a wuta kaɗan har ya yi kauri cokali ya tsaya a ciki, ki sa gishiri, ku cinye shi cikin kwana biyu, kina tafasa shi kowace safiya.